Waliyi Yohanna Bosko, Uban Masu Koyon Sana'a

A ranar 31 ga watan Janairu na kowace shekara Ekklesiya Katolika takan yi bikin tunawa da Waliyi Yohanna Bosko, wanda aka fi sani da Don Bosko. Don ɗin nan ba sunan yanka ba ne. Haka mutanen Italiya suke kiran firist, kamar yadda mu muke cewa Fada. Yawancinmu mun ji labarinsa a ajin katikisim: firist mai fara'a, mai son yara, mai yawan mafarkai. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne kuwa muke so mu bi a wannan fitowa. Mutumin nan ya iya ɗinki, ya iya ƙira, ya taɓa aikin kafinta da na takalmi, sa'an nan ya shafe fiye da shekara 40 yana fama da tambaya guda: yaya saurayi ɗan shekara 12 zuwa 18, wanda ba shi da gata, zai koyi sana'a sosai ba tare da an cuce shi ba, ba tare kuma da ya rabu da karatu da tsoron Allah ba?

Maraya a Bekki

An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1815, a wata 'yar unguwar manoma da ake kira Bekki, kusa da garin Kastelnuovo a lardin Piyemonte, arewacin ƙasar da muke kira Italiya a yau. A lokacin Italiya ba ta riga ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya ba. Piyemonte tana da sarkinta, babban birninta kuwa shi ne Turin. Mahaifinsa, Faransisko, manomi ne, ya rasu da ciwon huhu a watan Mayu na 1817, tun Yohanna bai cika shekara biyu ba. Ya bar matarsa Margarita da surukarta tsohuwa, da yara maza uku: Antoniyo, ɗan matarsa ta fari da ta rasu, da Yusufu, da Yohanna auta. Shekarar ta yunwa ce a ƙasar duka. Margarita ba ta iya karatu ko rubutu ba, amma katikisim yana kanta, ita ce kuma ta koya wa 'ya'yanta addu'a da aiki.

Yana ɗan shekara tara ya yi mafarkin nan da ya zauna masa a rai har mutuwarsa. Ya ga taron yara suna faɗa suna zage-zage, ya faɗa cikinsu da naushi don ya hana su, sai wani mutum mai kwarjini ya nuna masa cewa da taushin hali ne zai rinjaye su, ba da duka ba. Sa'an nan wata Uwargida mai haske ta nuna masa namomin jeji suna rikiɗa suna zama 'yan raguna. Da ya girma kaɗan ya riƙa zuwa kasuwanni yana kallon masu wasan dabo da masu tafiya a kan igiya, har ya koya. Ran Lahadi sai ya tara yaran unguwa ya yi musu wasa, kuɗin kallo kuwa shi ne a yi rosari tare, a kuma saurari wa'azin da ya haddato daga majami'a.

Yana son karatu, wansa Antoniyo kuwa yana ganin littafi lalaci ne kawai ga ɗan manomi. Rigimar ta yi tsanani har Margarita ta ga gara yaron ya bar gida. Yana wajen shekara 12 ya tafi ya zama bara a gonar wasu mutane, iyalin Moliya, yana kiwon shanu yana noma. A 1829 wani tsohon firist, Don Kalosso, ya lura da kaifin ƙwaƙwalwarsa, ya fara koya masa Latin, amma bayan shekara guda tsohon ya rasu. Haka Yohanna ya shiga makarantar Kastelnuovo yana ɗan shekara 15, gandameme a cikin ƙananan yara, da tufafin ƙauye, abokan aji suna yi masa dariya.

A nan ne sana'o'in suka fara. An sauke shi a gidan wani tela mai suna Yohanna Roberto, ya koyi sa maɓalli, da kalmasa, har ya kai ga yanka wando da 'yar shara. Telan mawaƙin majami'a ne, saboda haka ya koya masa waƙa da goge. In ya sami sarari kuma sai ya tafi maƙerar Evasiyo Saviyo, ya zuga wuta, ya riƙe guduma. Daga 1831 ya koma garin Kiyeri don karatun sakandare. A can ma da guminsa ya biya kuɗin makaranta da na abinci: ya koyar da ɗan uwar ɗakinsa darasi, ya taɓa aikin kafinta da ɗinkin takalmi, ya kuma yi aiki a wani gidan shan gahawa, inda yake raba wa baƙi abin sha, yana koyon yin kayan zaƙi, da dare kuma ya kwanta a wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala. Telan da mai gidan gahawan duka sun yi masa tayin ya bar makaranta ya zauna tare da su a sana'a. Bai yarda ba, don zuciyarsa tana wajen aikin firist.

Kada mu ɗauka cewa ya koyi waɗannan abubuwa da wani shiri na gaba. Talauci ne ya tura shi. Sai dai abin da ya samu a ciki ba a koyar da shi a seminari: ya san yadda yaron shago yake ji in maigida ya daka masa tsawa, ya san yawan watannin da hannu yake ɗauka kafin ya faɗa, ya kuma san bambancin maigidan da yake koyarwa da wanda aike kawai yake yi.

Abin da ya gani a Turin

Ya shiga seminarin Kiyeri a 1835, aka keɓe shi firist a Turin ranar 5 ga Yuni, 1841. Ya zauna a birnin don ƙarin karatu a ƙarƙashin Don Yusufu Kafasso, mutumin garinsu, wanda shi ma Ekklesiya ta shaida shi waliyi daga baya. Kafasso firist ne na fursunoni, ya kuma riƙa tafiya da sabon firist ɗin gidajen yari. Abin da Don Bosko ya gani a can ya girgiza shi. Samari ne birjik, 'yan shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu, masu basira, suna zaune ba aikin fari ba na baƙi, ƙwarƙwata tana cinsu. Da ya yi ta hira da su sai ya gane cewa da yawa sukan fita da niyyar gyara halinsu, amma ba da daɗewa ba a sake kamo su, domin a waje ba mai kula da su, ba kuma abin yi a hannunsu.

Turin tana cika tana batsewa a shekarun nan. Mutanenta sun kai wajen 137,000 a 1848, suka haura 200,000 a farkon shekarun 1860. Ana ta gine-gine, yara kuwa suna ta gangarowa daga ƙauyuka da duwatsu neman aiki: masu ɗaukar bulo, masu fasa dutse, masu yaɓe, da ƙananan yara masu share bututun hayaƙi na gidaje. Da sassafe sukan taru a kasuwar Porta Palazzo suna jiran wanda zai ɗauke su ƙodago. Wani abu kuma ya ƙara dagula al'amarin. Da can kowace sana'a tana da ƙungiyarta ta gargajiya, mai shugabanni da dokoki, kusan yadda muka san Sarkin Maƙera ko Sarkin Magina, ita ce take tsara yadda za a ɗauki ɗan koyo da yadda za a yaye shi. A 1844 Sarki Karlo Alberto ya rushe waɗannan ƙungiyoyi, ba a kuwa kafa wata doka a madadinsu ba. Ɗan koyo ya zama sai yadda maigida ya yi da shi.

A cikin tarihin da ya rubuta da hannunsa bisa umarnin Paparoma Piyus na 9, Don Bosko ya ce aikinsa ya fara ne ranar 8 ga Disamba, 1841, a majami'ar Waliyi Faransis na Asisi. Yana shirin Misa sai ya ji mai kula da ɗakin kayan Misa yana dukan wani yaro saboda bai iya hidima a bagade ba. Ya sa aka kira yaron. Sunansa Bartolomiyo Garelli, ɗan shekara 16, maraya, yaron birkila daga garin Asti, bai iya karatu ba, kunya kuma ta hana shi shiga ajin katikisim da ƙananan yara. Bayan Misa ya yi masa darasi na farko. Yaron ya komo da abokansa, su ma suka kawo nasu. Taron nan na ranar Lahadi, inda ake addu'a da katikisim da wasa da waƙa, shi ne ya kira Oratori, ya sa shi a ƙarƙashin sunan Waliyi Faransis na Sales, bishop ɗin da ya shahara da sanyin hali.

Ɗaruruwan samari masu hayaniya ba su da farin jini a ko'ina. An kore su daga wuri zuwa wuri, daga harabar wata maƙabarta, daga wajen injinan niƙa na birni, har daga wani fili da suka yi haya, inda masu shi suka ce yaran sun tattake ciyawa har saiwa. Uwargida Barolo, wata attajira mai yawan aikin alheri wadda yake yi wa aiki a gidan da ta kafa don 'yan mata, ta ce ya zaɓa, ko aikinta mai albashi ko yaran titi. Ya zaɓi yaran. A ranar Ista, 12 ga Afrilu, 1846, ya sami wata rumfa a gidan wani mutum mai suna Pinardi, a unguwar Valdoko da ke bayan gari. A damina ta shekarar ya kwanta ciwo har aka fid da rai, ya warke da ƙyar. A watan Nuwamba mahaifiyarsa, tana da shekara 58, ta bar gidanta da jikokinta ta biyo shi. A shekara ta gaba ne ta shimfiɗa wa wani maraya da ruwan sama ya jiƙa wurin kwana a ɗakin girki, shi ne ɗan kwana na farko. Shekara goma ta yi tana dafa wa yaran abinci tana yi musu faci, har ta rasu a 1856.

Takardar yarjejeniya

Da farko Don Bosko ba shi da shago ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya nema wa yaro maigida mai mutunci a cikin gari, sa'an nan a tsakiyar mako ya bi su wuraren aikinsu. Mutane sun saba ganin firist da doguwar rigarsa yana hawa tsanin magina don ya gai da yaransa. Ya buɗe makarantar dare don su iya karatu da lissafi. Da gwamnati ta yanke cewa daga 1850 za a bar ma'aunan gargajiya a koma ga mita da lita da kilo, ya rubuta ɗan littafi mai sauƙi a kan sabon awon, don kada a cuci talaka a kasuwa, har ya shirya wa yaran wasan kwaikwayo a kai. A 1850 kuma ya kafa musu asusun taimakon juna: kowa ya zuba santisimi 5 ran Lahadi, wanda ya kwanta ciwo a riƙa ba shi santisimi 50 kowace rana. Santisimi 100 ne lira ɗaya, kamar kwabo da naira.

Amma alkawarin baki bai hana zalunci ba. Maigida zai ɗauki yaro da sunan koyon sana'a, ya mai da shi ɗan aiken matarsa, ya doke shi, ya sa shi aiki ran Lahadi, bayan shekara uku kuma yaron ya fita bai iya kome ba. Saboda haka Don Bosko ya koma ga rubutu. Akwai takardun yarjejeniya da suka wanzu har yau. Ɗaya ta watan Nuwamba, 1851, tsakanin Karlo Aimino mai aikin gilashi da wani yaro, Yusufu Bordone. Wata kuma ta ranar 8 ga Fabrairu, 1852, a kan takarda mai hatimin gwamnati, tsakanin kafinta Yusufu Bertolino da yaro Yusufu Odasso.

Ya kamata mu tsaya mu duba abin da ke cikinsu. Maigida ya ɗauki alkawarin koya wa yaron sana'ar sosai a cikin ƙayyadadden lokaci, shekara uku ga mai gilashi, biyu ga kafinta. Ba zai sa shi aikin da ba na sana'ar ba, ko wanda ya fi ƙarfinsa, ko mai cutar da lafiyarsa. In yaron ya yi laifi, da baki za a tsawata masa, kamar yadda uba yake yi wa ɗansa, ban da duka. Zai huta ran Lahadi da ranakun idi, don ya je Misa da katikisim da makaranta. An kuma rubuta ladansa, yana ƙaruwa yadda hannunsa yake ƙara faɗawa. Odasso zai karɓi santisimi 30 a rana a wata shida na farko, 40 a wata shida na biyu, 60 daga farkon 1853. Bordone kuwa lira ɗaya a rana a shekarar farko, ɗaya da rabi a ta biyu, biyu a ta uku, da hutun kwana 15 a shekara. Shi ma yaron an ɗaure shi: zai yi biyayya, ya zo aiki a kan lokaci, ya yi aiki da himma, in kuma ya yi ɓarna da gangan, wanda ya tsaya masa zai biya. A ƙasan takardar Odasso akwai sa hannun maigida, da na yaron, da na mahaifinsa, da na Don Bosko.

Wanda ya karanta wannan a yau zai ce ai ba wani abin mamaki. To, sai a tuna cewa Italiya ba ta yi dokar farko a kan aikin yara ba sai a 1886, ita ma abin da ta hana shi ne sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masana'anta. Shekara 34 ke nan bayan takardar Odasso. A ganinmu muhimmin abu a takardun nan shi ne sa hannu na ƙarshe. Yaro marar gata ya sami babban mutum da zai zo shago ya tambaya ko ana cika alkawari, maigida kuma ya san za a zo.

Shaguna a cikin gida

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Abin da ya gina a zuciyar yaro da dare, sai shagon gari ya rushe shi da rana, ta wurin zagi da batsa da ba'a ga addini. A 1853 ya yanke shawarar buɗe nasa shagunan a Valdoko. Ya fara da ɗinkin takalmi a wani ɗan soro, shi da kansa ya zauna a kan benci ya nuna wa yara yadda ake riƙe basilla da zare mai kaki. Teloli suka samu tsohon ɗakin girki, Mama Margarita tana taimakawa. A 1854 aka fara ɗaurin littafi, farkon kuwa abin dariya ne: ya zube shafuffukan da aka buga a kan tebur, shi da yaro guda suka ninke su, suka ɗinke, aka dama garin alkama aka yi gam, da aka zo datse gefe kuma babu abin yanka, sai ya ɗauko wuƙar yankan albasa ta mahaifiyarsa. Shagon kafinta ya biyo baya a 1856. A ƙarshen 1861 ya sami izinin buɗe maɗaba'a, ya fara da injuna biyu da ake juyawa da hannu. Maƙera ta zo a 1862.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage, gaskiya ta sa a faɗa. Tun 1821 Lodoviko Pavoni yake koya wa marayu sana'a da ɗab'i a birnin Bresha. A Turin kanta akwai makarantar ƙananan masu sana'a da Don Kokki ya kafa a 1849, wadda Waliyi Leonardo Muriyaldo ya shugabanta daga 1866. Abin da ya bambanta Don Bosko shi ne ya samo hanyar da aikin zai yaɗu, ya kuma rayu bayansa. Bai same ta da sauƙi ba.

Matsalar ita ce malamai. Gina shago da sayen kayan aiki abu ne na kuɗi, ana iya roƙo a samu. Amma wa zai koyar? Ya ɗauko gwanaye daga gari yana biyansu albashi, sai ya ga ba ruwansu da ko yaro ya iya ko bai iya ba, muddin wata ya ƙare. Ya juya, ya bar musu shagon kamar nasu, su nemo aiki su ci riba, sai suka mai da yaran leburori, suka raina dokar gidan, har lokacin addu'a da na aji suna so su cinye. Aka yi ta gardama a kan kayan aiki, wa zai kawo, wa zai biya in sun ɓace. Wani malamin ma yakan ɓoye wa yaro mai hazaƙa asirin sana'a, don tsoron kada ya ƙwace masa wuri. Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar koyon sana'a ya san waɗannan abubuwa ba na Turin kaɗai ba ne.

Maganin ya fito ne daga cikin yaran da ya rena. Ranar 18 ga Disamba, 1859, ya kafa ƙungiyar Waliyi Faransis na Sales, wato Salesiyawa, tare da mutum 17, yawancinsu samari ne da suka girma a hannunsa, kamar Mika'ilu Ruwa wanda ya gaje shi. Abin mamaki, wanda ya ba shi shawarar yadda zai tsara ƙungiyar don kada gwamnati ta rushe ta shi ne minista Urbano Rattazzi, mutumin da ya jagoranci dokar 1855 ta rufe gidajen 'yan zuhudu. A cikin ƙungiyar, ban da firistoci, Don Bosko ya buɗe ƙofa ga 'yan'uwa waɗanda ba firistoci ba. Brada irin wannan yakan ɗauki wa'adin talauci da tsarki da biyayya daidai da firist, amma yana sa tufafi irin na kowa, wurin hidimarsa kuwa shago ne. Tela ne, ko maƙeri, ko mai ɗab'i, wanda ba ya neman riba, ba ya kuma tsoron ɗalibinsa ya fi shi. Roma ta amince da ƙungiyar a 1869, da dokokinta a 1874.

A gefe guda, daga 1855 ya fara buɗe azuzuwan sakandare a cikin gidan, har suka cika aji biyar. Waliyi Dominik Saviyo, wanda ya rasu a 1857 yana da shekara 14, yana cikin ɗaliban littafi na lokacin. Ta haka Valdoko ta zama gida ɗaya mai ɓangare biyu, masu karatun littafi da masu sana'a, kafin ƙarshen shekarun 1860 kuma 'yan kwana sun kusa 800. Majami'a ɗaya suke shiga, uba ɗaya suke da shi, masu sana'a ma suna da darasin karatu da lissafi da kiɗa da yamma. Hanyar renonsa, wadda ya bayyana a rubuce a 1877, tana tsaye a kan hankali da addini da ƙauna: malami ya kasance tare da yara a aji da shago da filin wasa, ya riga laifi isa wurin, maimakon ya jira a yi sa'an nan ya ɗauko bulala.

Ba za mu ce kome ya daidaita ba. Ɓangaren littafi ya fi saurin bunƙasa, domin daga cikinsa ake samun firistoci, shagunan farko kuwa sun fi kama da wurin aiki fiye da makaranta. Don Bosko da mutanensa sun ga wannan. Manyan tarurrukan ƙungiyar na 1883 da 1886 sun zauna a kan batun masu sana'a, suka yanke cewa renon ɗan koyo ya zama mai ƙafa uku, wato addini da hali, da ilimin littafi, da gwanintar sana'a. Cikakken tsarin darussa na shekara-shekara da jarrabawa bai kammala ba sai bayan mutuwarsa, a hannun Don Yusufu Bertello, wanda ya kula da makarantun sana'a na ƙungiyar daga 1898 zuwa 1910.

'Yan mata fa? A ƙauyen Mornese akwai wata budurwa, Mariya Mazzarello, ƙaƙƙarfar manomiya, wadda zazzaɓin taifod ya kayar a 1860 bayan ta yi jinyar danginta. Da ta ga ƙarfin noma ya tafi, sai ta je wurin telan garin ta koyi ɗinki, ta buɗe ɗan shago tana koya wa 'yan mata. Da ita ne Don Bosko ya kafa ƙungiyar 'Ya'yan Maryamu Mataimakiyar Kirista ranar 5 ga Agusta, 1872.

Shekarun ƙarshe

A 1875 aikin ya ƙetare iyaka: an buɗe gida a birnin Nis na Faransa, an kuma aika 'yan mishan goma na farko zuwa Ajantina a ƙarƙashin Don Yohanna Kaliyero. Makarantun sana'a da na noma suka bi su, a Buwenos Aires, da kudancin Faransa, da Basalona ta ƙasar Sifen. A 1883 wani matashin firist mai suna Akille Ratti ya sauka a Valdoko na 'yan kwanaki, maɗaba'ar ta ba shi mamaki, Don Bosko kuwa ya gaya masa cewa a irin waɗannan abubuwa yana so kullum ya kasance a sahun gaba. A shekara ta gaba, a babban baje kolin ƙasa da aka yi a Turin, ya nuna abin da yake nufi. A rumfarsa mai kallo yakan ga tsumma ya shiga inji ya fito takarda, a zuba haruffa, a jera su, a buga, a ninke, a ɗaure, har littafi ya fito a gabansa, yaran kuwa su ne a kan aikin. Ran Lahadi injunan sukan tsaya cik, ko da yake ita ce ranar da 'yan kallo suka fi yawa. Alƙalan baje kolin suka ba shi lambar azurfa kawai. Ya rubuta musu cewa ba a yi wa aikin yaransa adalci ba, ya ƙi karɓa.

Duk wannan a cikin bashi aka yi shi. Rayuwarsa ta ƙare a roƙo, ƙofa ƙofa, wasiƙa bayan wasiƙa, har Faransa da Sifen. Ya gina babbar majami'ar Maryamu Mataimakiyar Kirista a Valdoko, aka keɓe ta a 1868, ya kuma ɗauki nauyin majami'ar Zuciya Mai Tsarki a Roma bisa roƙon Paparoma Liyo na 13, aikin da ya ƙarasa cinye ƙarfinsa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne saɓanin shekara goma da Babban Bishop na Turin, Lorenzo Gastaldi, wanda dā abokinsa ne. A 1882 Paparoma ya sa aka sulhunta, da sharaɗin Don Bosko ya rubuta wasiƙar neman gafara. Ya rubuta.

Ya rasu da asubahin ranar 31 ga Janairu, 1888, yana da shekara 72, ya bar Salesiyawa fiye da 770. An binne shi a Valsaliche, bayan garin Turin, a 1929 kuma aka dawo da gawarsa majami'ar da ya gina a Valdoko. Matashin firist ɗin nan da ya yi mamakin maɗaba'a, wanda ya zama Paparoma Piyus na 11, shi ne ya shaida shi waliyi a ranar Ista, 1 ga Afrilu, 1934. A 1958 Paparoma Piyus na 12 ya naɗa shi majiɓincin matasa masu koyon sana'a na Italiya, a 1989 kuma Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ba shi laƙabin Uba da Malamin Matasa. Salesiyawa sun iso Nijeriya a 1982, suka fara zama a Akure da Ondo, inda suka buɗe wuraren koyar da sana'a.